Asabar a Sina'iyya: batir biyu saboda firjin Hajiya

Jidda, daren Asabar.

Yau dai an gama aikin batirin motar nan, saura sola. Tun bayan sallar Asuba na ɗauki ƙanena muka nufi Sina'iyya, unguwar masu gyaran motoci, domin aikin da ba a fara shi da sanyin safiya ba a garin nan, rana ce za ta ƙarasa mai shi. Mun tsaya a hanya mun sayi tamis da ful, muka haɗa da na Baffa.

Baffa ba ɗan'uwanmu na jini ba ne, abokin marigayi mahaifinmu ne. A Makka aka haife shi, kakanninsa na cikin waɗanda suka taho aikin Hajji a ƙasa ta Sudan, suka zauna. Hausarsa gauraye take da Larabci, amma a wayarin ɗin mota ban san wanda zan ba amana sama da shi ba.

Motar tsohuwar Toyota Hiace ce. Mun cire kujerun baya, muka sa gado, fanka, fitilu da ƙaramin firji, muna fita da ita kashta, wato yawon shan iska, zuwa duwatsun Ɗa'if da Shafa. Batir biyu gare ta tun farko: na tayar da inji, da na ɗaki, wanda yake ciyar da firji da fitilu idan an kashe mota. Ba iri ɗaya ba ne. Na inji yana ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu, na ɗaki kuwa an yi shi ne don a riƙa jansa a hankali dare da rana. Namu AGM ne, wani irin batirin dalma rufaffe, an rubuta 100Ah a jikinsa, wato yawan wutar da yake ɗauka.

Abin da ya kai ni ga wannan aiki Hajiya ce. Tana da ciwon suga, allurar insulin take yi, kuma wadda ba a buɗe ba ana son ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, kada ta yi zafi, kada ta daskare. A fitarmu ta ƙarshe zuwa Shafa, kafin kiran sallar farko firjin ya kashe kansa, saboda wutar batirin ta yi ƙasa. Allah ya taimake mu garin da sanyi, maganin bai lalace ba. Amma tun daga ranar Hajiya ta ce ita ta haƙura da fita, a bar ta a gida. Ni kuwa na san yadda iskar dutsen nan take mata daɗi, yadda take cin abinci sosai a can, ta yi barci ba ta farka ba. Ba zan yarda batir ya raba ta da wannan ba.

Da muka isa, ƙanena ya riga kowa magana. Ya ce: "Baffa, abin ai mai sauƙi ne. A sayo sabo ɗaya a jona shi da tsohon, ɗari da ɗari ya zama ɗari biyu."

Baffa bai ba shi amsa nan take ba. Ya yago gefen kwali, ya miƙo mini biro, ya ce: "Ɗana, rubuta mini duk abin da ke shan wuta a motar nan, da awa nawa yake yi."

Firjin yana jan kusan amfiya 4 idan injinsa ya tashi, kuma a zafi irin namu rabin yini yake yi yana aiki, wato 48 ke nan. Fanka amfiya ɗaya da rabi na tsawon awa 8, ya ba da 12. Fitilu da cajin wayoyi muka ba su 10. Jimla 70 a kwana ɗaya. Sai ya ja layi ƙarƙashin 100 ɗin da ke jikin batirinmu, ya rubuta 50. Batirin dalma, in ji shi, rabinsa ne naka. Idan kana yawan sauke shi ƙasa da rabi, kwanansa kake ragewa. Na tsaya ina kallon kwalin nan: muna cin 70 daga abin da 50 kawai yake iya bayarwa, kuma batirin ya riga ya sha zafin Jidda. A wannan lissafi ɗaya na fahimci duk abin da ya faru a Shafa.

Daga nan ya juya ga ƙanena. Ya ɗora mita a kan tsohon batirin, wanda ya kwana a caji, ya nuna masa cewa bai ma riƙe bolt 12.4 ba, alhali lafiyayye idan ya cika ya huta yana nuna wajen 12.7 ko 12.8. Ya ce idan ka haɗa sabo da tsoho, sabon ne zai yi ta ɗura wa tsohon wuta, ya ɗauki yawancin nauyin, har shi ma ya gaji da wuri. Sai dai a sa biyu sababbi, iri ɗaya, girma ɗaya, kamfani ɗaya. Ƙanena ya yi shiru, amma ba da jimawa ba ya sake tambaya ko batir biyun za su ɗauki na'urar sanyaya ɗaki. Baffa ya ce mai cin wat 1000, idan ta bi ta inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, kusan amfiya 90 take zuƙa a awa guda, wato awa ɗaya da 'yan mintuna ta cinye duk rabonmu. Wanda yake son sanyi ya hau Shafa, inda tsayin dutse ya haura mita 2000, Allah ya hutar da shi.

Mun daɗe a kan maganar litiyom, kuma a nan ne zuciyata ta yi ta kai da komo. Irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, mai 100Ah nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, kana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na wutarsa, kuma yana jure cikawa da saukewa sau dubbai, inda na dalma yake yin ɗaruruwa. Yana da nasa sharaɗin: ba a cajinsa idan sanyi ya kai ƙasa da sifiri, abin da mai zuwa Tabuk da Jabal al-Lauz a hunturu zai kiyaye, tunda can har ƙanƙara ke sauka. A ganina, duk wanda mota ta zama masa gida, ko yake tafiyar makonni, litiyom ne nasa, ko da zai tara kuɗin a hankali. Mu kuwa daga Juma'a zuwa Asabar muke fita, kuma kuɗin da ke hannuna dole ya isa har caja da waya. Na zaɓi AGM biyu masu 100Ah. Rabonmu ya tashi daga 50 zuwa 100, sama da abin da muke ci a kwana.

Kallon Baffa yana aiki darasi ne. Ya cire agogonsa da zobensa na azurfa ya sa a aljihu, ya sa mu ma muka cire namu, domin ƙarfe idan ya haɗa kan batir da jikin mota, nan take yake yin ja. Ya fara kwance baƙar waya kafin ja. Sababbin batiran ya auna su ɗaya bayan ɗaya, bai yarda ya jona su ba sai da ya ga lambarsu ta zo daidai. Ya yanko waya mai kauri, mai lamba 25mm², guda biyu, ya jera su a kan benci ya datse har tsawonsu ya zama ɗaya, ya matse musu kawunan tagulla, ya ja kowanne da ƙarfinsa ya ga ko zai zame. Ja da ja, baƙi da baƙi: haka bolt yake zama 12, amfiya ce take ninkuwa. Da a ce an haɗa jan wannan da baƙin wancan, 24 za a samu, kuma fitilunmu da fankarmu ba za su ɗauka ba.

Wani abu da ban taɓa lura da shi ba: wayar da ke kai wuta ɗaki, ya ɗauko jarta daga batir na farko, baƙarta daga na biyu. Na tambaye shi dalili. Ya ce idan duka biyun suka fito daga batir ɗaya, shi zai riƙa yin aiki fiye da ɗan'uwansa, ya riga shi mutuwa. Sannan ya sa fis dab da jan kan kowane batir. "Fis ba firji yake karewa ba, ɗana, waya yake karewa. Batirin nan idan wayarsa ta goge ta taɓa ƙarfe, zai iya ƙona motar da mutanen cikinta." Hajiya a kan gadon da ke saman batiran nan za ta kwanta, don haka ban ɗauki maganar da wasa ba.

Wurin ajiya ma mun yi shawara. Injin irin wannan Hiace ɗin a ƙarƙashin kujerun gaba yake, wajen kullum da zafi, kuma batirin dalma, duk ƙarin kusan digiri 10 sama da 25 yana rage rabin rayuwarsa. Motar da aka rufe a ranar Jidda cikinta kan wuce digiri 60. Sai muka kai su can baya ƙarƙashin gado, ya huda katakon don iska, ya ɗaure su da bel a jikin ƙarfen mota. Kowanne kusan kilo 30 ne, kuma wanda ya san kwanonin hanyar Hada, mai hawa dutsen Ɗa'if, ya san abin da kilo 60 zai yi idan ya sami sake.

Bayan Azahar muka ci mandi a ƙofar shagon, sai ya kawo maganar da ta rage. Ya ce ƙara randa ba ya ƙara ruwa idan famfon bai canza ba. Solarmu mai wat 100, a rana mai kyau amfiya 30 zuwa 35 take mayarwa, kuma ƙura da zafi suna rage ta. Muna cin 70. Batirin dalma kuma idan ya daɗe bai cika ba, lalacewa yake yi. Don haka ya cire tsohon rile ɗin da ke haɗa batiran da altaneta, ya sa caja ta DC-DC mai amfiya 30, wadda take ba AGM irin cajin da yake buƙata, kuma ba ta barin ɗaki ya taɓa batirin inji idan an kashe mota. Daga Jidda zuwa Shafa kusan awa 3 ne a tafiyarmu ta masu tsohuwa, wannan kaɗai zai mayar da abin da muka ci a kwana guda. Idan za mu yi zaman kwana biyu ba tuƙi, sai an ƙara sola ta biyu.

Da zan biya shi, kuɗin kaya kawai ya karɓa. Na yi magiya, ya ce in gaishe da Hajiya, in ce ta sa shi a addu'a.

Na dawo gida bayan La'asar na nuna mata. Ta leƙa ƙarƙashin gadon, ta tambaya ko ba za su yi zafi su dame ta ba, na ce akwai hudar iska, kuma ga fis. Ta ce to, Allah ya kai mu, amma sai ta ga firjin ya kwana ya wuni tukuna. Tana da gaskiya. Yanzu haka yana kunne a ƙofar gida, na cika shi da gorunan ruwa, na sa ma'aunin zafi a ciki. Gobe bayan Asuba zan kashe shi, in bar batiran su huta rabin awa, in auna. Baffa ya ce ya kamata in ga wajen 12.5. Idan haka ta kasance, Asabar mai zuwa in sha Allah sai mu koma a auna rufin motar, a ga inda sola ta biyu za ta zauna ba tare da ta toshe tagar sama ba.