Fankar da ta yi shiru ce ta jawo mini asarar kan injin 1HZ

Shekara shida na yi ina riƙe da Land Cruiser mai injin 1HZ ba a taɓa buɗe masa kai ba, wato murfin ƙarfen da ke rufe saman silindodinsa, sannan a cikin ƙasa da rabin sa'a na lalata abin da na daɗe ina alfahari da shi. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne injin bai yi mini laifin komai ba. Ya yi wata da watanni yana ba ni alama, ni kuma na ɗauki alamar a matsayin lafiya.

Duk wanda ya san wannan inji ya san dalilin da ya sa mutum ke sakin jiki da shi. Tun 1990 Toyota ta fara fitar da shi, inji ne mai shan gas, silinda shida a jere, lita 4.2, babu turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, babu kwamfutar da ke ba shi mai, gangar jikinsa da kan injin duk ƙarfen zubi ne. Ƙarfinsa bai wuce na doki 129 ba a juyi 3,800 a minti, ƙarfin murɗawarsa kuma Nm 285 a juyi 2,200, wanda kaɗan ne ga inji mai wannan girma, kuma wannan rashin takura kai shi ne sirrin daɗewarsa. Ni kuwa ban yi masa rowa ba. Ina juye baƙin mai duk kilomita 5,000, ina canza tayimin bel a kilomita 100,000 tun kafin fitilar T-BELT mai tunatar da canjinsa ta kama, ina zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filtar gas. Wajen sanyaya inji kaɗai ne ban taɓa waiwaya ba, domin allurar zafi ba ta taɓa barin tsakiya ba.

Fankar wannan inji ba a ɗaure take kai tsaye ba. Tsakaninta da fuli akwai wani kuloci mai man silikon a ciki, wanda ke sakinta idan inji na da sanyi, ya kuma kama ta idan iskar da ke ratsa lagireto ta yi zafi. Idan ya kama, fankar tana ruri sosai, har wanda ke cikin mota sai ya ji. Wannan rurin ne ya ɓace mini a hankali, kuma na tuna sarai na taɓa gaya wa wani abokina cewa motata ta rage ƙara. Akwai ranar da bakaniken da ke duba mini ita ya shafa fuskar kulocin da yatsa, ya nuna mini baƙar ƙura mai maiƙo da ta manne a kai kamar kwalli, ya ce, “Yallaɓai, man nan fa ya fara tsiyaya, a canza shi ko a ƙara masa.” Na ce masa sai zuwa na gaba, zuwa na gaban ma na sake cewa haka. A kan kwalta iskar gudu ce ke sanyaya lagireto, saboda haka matacciyar fanka ba ta nuna kanta, kuma wannan ne ya yaudare ni. Ga shi kuma na saba ƙara ruwa zalla duk lokacin da ya ragu, ba tare da maganin hana tsatsa ba, ban san cewa bututun lagireton sun fara toshewa daga ciki ba.

Ranar da abin ya faru mota na ɗauke da kaya mai nauyi, rana ta take, kuma na shiga yashi mai zurfi da ƙaramar giya, inji na juyi sama, mota na tafiyar da ba ta fi ta mai sassarfa ba. A irin wannan yanayi babu iskar gudu ko kaɗan, fanka ce kaɗai ke riƙe da ran inji. Na ga allura ta tashi daga inda na saba ganinta tana hawa, amma tsoron kada mota ta nutse idan na tsaya ya sa na ci gaba da taka totur domin in kai ƙasa mai tauri. Ta kusa taɓa ja, sai kuma na ga ta fara saukowa da kanta, har na yi ajiyar zuciya. Daga baya na fahimci ba sanyi injin ya yi ba. Ruwa ne ya tafasa ya fice, na'urar da ke auna zafin kuma ta daina taɓa ruwa, saboda haka abin da take nunawa ya daina zama gaskiya. A waɗancan mintocin da hankalina ya kwanta ne kan injin yake gasuwa.

Da ya huce na cika ruwa, ya tashi da murɗawa ɗaya, ya kai ni gida, har na fara yaba masa a zuciyata. Bayan kwana uku sai na lura babban tiyon sama yana tauri kamar icce minti biyu kacal bayan tayar da inji da safe, tun ruwa bai ɗumama ba. Na buɗe murfin lagireto inji na sanyi, na tayar, sai ga kumfa ƙanana suna tasowa ɗaya bayan ɗaya ba yankewa, alamar iskar silinda na kutsawa cikin ruwan. Na yi ta fatan gasket ce kawai ta ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa.

Da aka sauke kan aka wanke shi, bakaniken ya kira ni ya haska mini da tocila. Tsakanin mazaunin bawul biyu na silinda ɗaya akwai wata tsaga siririya kamar gashi, wadda gwajin matsi ya tabbatar ta kai ga hanyar ruwa. A nan ya nuna mini abin da ya kamata in sani tun ranar da na sayi motar: 1HZ ba ya fesa gas kai tsaye a kan fistin, a cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke jikin kan injin wuta ke fara kamawa, sannan ta kwararo cikin silinda. Wannan tsari yana sa kan ya sha zafi fiye da na inji mai fesawa kai tsaye, ga matsi da ya haura 22 bisa 1. Inji ne da zai yi haƙuri da gas marar kyau, da ƙura, da aikin wahala, amma ba ya haƙuri da zafi, ni kuma duk hidimata ta tafi wuraren da dama yake da haƙuri.

Na sayi sabon kai, da sabon lagireto, da famfon ruwa, da tamostat, da tiyo, da kuma kulocin fankar nan da kuɗinsa bai kai ko kusa da na kan injin ba. Abu ɗaya da na tsaya a kansa shi ne a auna yadda fistin ke leƙowa saman gangar jiki kafin a zaɓi gasket, domin kaurinta hawa-hawa ne, kuma a ɗaure kusoshin kan bisa jerin da littafin injin ya tsara, ba da ƙiyasin hannu ba. Wasu sun ba ni shawarar in sa turbo tunda an riga an buɗe. Na ƙi, kuma ban yi nadama ba. Mai son turbo ga injin Toyota 1HD-T nan, girmansu ɗaya amma shi yana fesawa kai tsaye kuma an gina shi domin hakan. Ni da na ga abin da zafi ya yi wa wannan kan da idona, ba zan ƙara masa wani zafin da kuɗina ba.

Wanda ke da irin wannan mota, ina roƙonsa ya saurari fankarsa. Da safe ya kamata ta yi ruri na ɗan lokaci sannan ta lafa, idan inji ya yi zafi a hawa ko a yashi kuma rurin ya dawo. Idan ya kashe inji da zafinsa ya tura fiffiken da hannu ya ga yana ta juyawa ba tirjiya, kulocin ya mutu, kada ya jira zuwa na gaba kamar yadda na yi. Idan kuwa allura ta hau, a ɗaga ƙafa nan take ko da mota za ta nutse, domin haƙa yashi aikin sa'a ɗaya ne. Yanzu na sa ƙararrawar da ke kuka idan ruwan lagireto ya ragu, da wani ma'aunin zafi na biyu da ke manne a jikin kan injin yana nuna lamba. Motar ta yi kilomita fiye da 40,000 tun bayan gyaran ba ta sha ko kofi ɗaya na ruwa ba, amma har yanzu duk lokacin da na shiga yashi sai na sauke gilashi, kuma ba na ƙara totur sai na ji fankar ta kama.