Abin da na kwaso daga aikin gwajin gyaɗa

Kwantiragina ya ƙare, ba a sabunta shi ba. Waɗanda muka yi zaman ɗakin gwaji tare sun san dalili, don haka ba su nake yi wa bayani ba. Ƙannenmu nake nufi, masu fitowa daga jami'a suna rububin shiga ayyukan bincike, da sun ga farar riga da mota mai tambari a ƙofa sai su ɗauka kakarsu ta yanke saƙa.

Aikinmu a kan aflatoksin ne, gubar da fumfunar Aspergillus flavus ke zubawa cikin gyaɗa da masara idan fari ya kama shuka gab da girbi, ko aka tara amfani bai gama bushewa ba. Dabbobi ne suka fara tona asirinta. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu har aka gano tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil aka zuba musu cikin abinci. Daga nan bincike ya dawo kan ɗan Adam. A 1991 masana suka nuna cewa a yankunan Sin da kudancin Afirka inda ake yawan cin gubar, kansar hanta na zuwa da tabo iri ɗaya a ƙwayar gado ta TP53, a gurbi na 249. Idan kuma mutum na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin na iya ninkawa kusan sau 30. To a Maraɗi, inda babu gidan da ƙuliƙuli da man gyaɗa ba sa shiga, kuma ciwon hanta ba baƙo ba ne, ba sai an gaya wa mutum muhimmancin aikin ba. Na shige shi da zuciya ɗaya.

Nawa ɓangaren samfur ne. In sayo gyaɗa tiya-tiya a kasuwannin Tasawa da Madarunfa da Gidan Runji, in niƙa, in gauraya sosai, in rubuta lamba, in jefa a firiza. Gaurayawar ba wasa ba ce, domin gubar ba ta bazuwa daidai cikin buhu, ƙwaya ƴan kaɗan ne ke ɗauke da kusan dukkanta. Sanyin kuma shi ne ke tsayar da fumfuna. Muddin garin gyaɗa ya samu laima da ɗumi, fumfunar na ci gaba da aikinta cikin leda, sai ka auna abin da ya tsiro a ɗakinka ka ce daga kasuwa ya zo.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Kowa a garin nan ya tuna yadda aka sha. Damina ta yi tsakiya, injin wutarmu yana nan lafiya lau, amma kuɗin mai ba sa fita sai da sa hannun Dokta, shugaban aikinmu, shi kuwa kullum sai ya ce a bari gobe. Ni dai safe da yamma ina rubuta zafin firiza a rajista kamar yadda tsarin aikin ya tanada. Ƙanƙara ta narke, ledoji suka yi gumi daga ciki. Ranar da na buɗe na Tasawa, warin tsohon rumbu ne ya fara dukan hancina, garin ya dunƙule, samansa ya yi kore-kore mai ratsin rawaya, yana tashi kamar ƙura da an taɓa ledar.

Na same shi a ofis na ce, “Ranka ya daɗe, samfuran damina sun lalace, sai dai mu sake ɗebo wasu.”

Ko kai bai ɗago ba ya ce, “Ka baza su su sha iska, ka mayar. Ai guba muke nema, ga ta nan ta samu.”

Na ɗauka raha yake yi. Da aka auna, lambobin suka fito sama ƙwarai. Tarayyar Turai ba ta yarda gubar da ke cikin gyaɗar ci ta wuce maikirogiram 4 a kilo ba, ma'aunin Codex, wato ƙa'idojin abinci na duniya, kuma 15 ne ga wadda za a ƙara sarrafawa. Namu sun yi musu fintinkau. Ban taɓa ganin fara'ar Dokta irin ta wannan rana ba. Masu ba da kuɗi lamba mai firgitarwa ke motsa su, ya san haka, ni ma na sani. Abin da ya rage masa rajistata ce kawai, ita ke cewa firiza ta kwana ta wuni babu sanyi. Ya aiko min da sabon littafi ta hannun sakatare, wai in kwafe tsohon da tsabta, in daidaita ranakun da aka samu matsala.

Na koma na ce, “Dokta, ka yi haƙuri, hannuna ba zai iya rubuta abin da idona bai gani ba.”

Ya ce, “Malam, ni da kai wa ya san bincike?”

Shi ya sani, ban taɓa musu ba. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Da jahili ne ya nemi haka da na yi masa uzuri.

Bai yi min faɗa ba, irinsu ba sa faɗa. Fita ƙauye da ɗan kuɗin hanyar da ke rufa mana asiri aka daina sa sunana. Makullin ɗakin samfur ya koma hannun wani yaro da ni na koya masa riƙe ma'auni. Da abokan hulɗarmu na waje suka ga lambobin damina sun yi hannun riga da na rani suka nemi ganin rajista, a gaban kowa Dokta ya ce sakacin ma'aikacin ɗakin gwaji ne ya ɓata samfuran, kuma shi da kansa ya gano. Ina zaune a wurin. Mutum nawa ne a ɗakin suka ji ni ina roƙon kuɗin mai? Duk suka sunkuyar da kai. Rahoto ya fito babu samfuran damina, babu sunana, ko a layin godiya. A Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO na horar da gafiya ta shinshino tarin fuka cikin majina, kuma duk sanda ta yi daidai ana ba ta ayaba. Wani lokaci nakan ce gafiyar ta fi mu dacen maigida.

Wasu sun ce min taurin kai ne, tunda gubar gaskiya ce, ƙara mata gishiri ba zai kashe kowa ba. Gubar gaskiya ce mana, a Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Amma lambar ƙarya a kan gyaɗar Tasawa wa za ta fara ci? Matan da ke suyar ƙuliƙuli suna ciyar da gida da shi, da ƴan kasuwar da ke lodi zuwa Jibiya da Katsina. Sannan duk wanda ya zo gwada maganin gona irin Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta haɗa da fumfuna marar guba don ta kori mai gubar, da wace lamba zai kwatanta nasararsa? Ranar da wani ya sake awo ya samu ƙasa da namu nesa ba kusa ba, manomi ba zai ƙara sauraren mai farar riga ba, ko da gaskiya ya zo.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. Ka ɗauki hoton kowane shafin rajista da wayarka a ranar da ka rubuta shi. Maganar sunan wa zai fito a rahoto a yi ta a rubuce tun kafin a ɗebo samfur na farko. Ka saurari tsofaffin mata a kasuwa, sun fi na'urarka saurin gane ƙwaya mai ɗaci da ta yamushe, sai dai ka tambaye su ina tsintar ke zuwa, domin sau da yawa kaji ake watsa wa ko a sayar da ita da araha a matse mai. In aikin zai kai ka ga taɓa jinin mutane, ka yi gwajin ciwon hanta kafin ka fara, in ba ka da shi ka yi rigakafi. Kada ka ƙullaci abokan aikin da suka yi shiru, suna da iyali, ko da yake ni har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa ni da wasunsu. Takardar shaidar aiki kuma ka karɓe ta tun kuna shiri da shugabanka. Tawa na je nema har na gaji, kullum sakatare sai ya ce Dokta bai sa hannu ba tukuna.