Kafin a ce damuwar Legas zanen yake nunawa

Idan aka ajiye wa ɗalibi zanen fili da aka buga daga farantin ƙarfe, babu gida babu mutum, sai layuka da duhu, abin da yakan fara faɗa shi ne mai zanen yana nuna ƙuncin jama'a. Wani lokaci gaskiya ne. Amma aikin ya koya mana cewa sai an san yadda duhun ya samu tukuna.

Farantin tutiya ko na jan ƙarfe ake goge wa maiƙo tas, a shafe shi da kaki, a zana da allura, sannan a tsoma cikin asid ya ci inda allura ta buɗe. Ga tutiya, kashi ɗaya na asid ɗin naitirik cikin kashi goma na ruwa ya isa, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Zafin Legas yana sa asid ya yi saurin ci, layin da aka so siriri sai ya fito da kauri. In kuwa maiƙon yatsa ya rage a farantin, kakin ba zai kama ba, asid ya ratsa, sararin sama ya cika da ɗige-ɗige kamar zanzana. Mai kallo zai ce hayaƙin gari ne ko fargabar mutane, alhali wanki ne bai fita ba.

Saboda haka a nemi bugun gwaji na farko da na biyu, wato waɗanda mai zane ya buga don ya duba aikin kafin ya kammala. Duhun da mai zane ya sake mayar da faranti cikin asid don ya ƙara shi, da gangan ne, shi ya cancanci fassara. A kuma tuna hoton a juye yake fitowa, dama ta koma hagu.

Ba kowane kuskure ake zubarwa ba. A 1967 asid ya lalata wa Bruce Onobrakpeya, mai zane ɗan Najeriya, faranti, ya cike ramukan da gam, daga nan ya samu salon da aka san shi da shi.

Sai an tantance wannan ake duba shekara da wuri. Zanen bakin ruwa da aka yi bayan rusa Maroko, unguwar talakawa a bakin ruwan Legas, a 1990, inda layin da ya raba ƙasa da ruwa ya tsinke kuma an kankare tsakiyar faranti har ta yi fayau, yana da hujjar a karanta shi da idon wanda aka tasa daga gidansa. Mazaunin Agege ko Idi-Araba da ya taɓa ganin an shafa jan fenti a bangon maƙwabci, alamar za a rusa, zai gane wannan farin wurin.