Wasiƙa Daga Birtaniya Zuwa Ga Direbobinmu Na Legas: Lasin Najeriya Shekara Ɗaya Kawai Yake Yi A Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayena da yayyena da ƙannena mazauna Legas, musamman waɗanda da sitiyari suke neman abinci, daga Agege da Idi-Araba zuwa Mile 12 da Alaba Rago, har da masu jan tirela da tanka a Apapa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, dalilin wannan takarda shi ne tambayar da masu shirin tahowa Birtaniya suke yawan aiko mini, wato ko mutum zai iya miƙa lasin tuƙinsa na Najeriya a musanya masa da na nan. Amsar ita ce ba a musanyawa, kuma gara ku ji haka tun kuna gida.

Hukumar da ke ba da lasin a Ingila da Wales da Scotland ita ce DVLA, ofishinta yana garin Swansea. Tana da jerin ƙasashen da ta yarda da jarrabawar tuƙinsu, irin su Kanada da Ostareliya da Japan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a Afirka kuma Afirka ta Kudu da Zimbabwe. Wanda ya zo da lasin ɗaya daga cikinsu, fom ɗin D1 zai cike, ya biya fam 43, a aiko masa da lasin Birtaniya ba tare da ya zauna jarrabawa ba. Najeriya ba ta cikin jerin. Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa ku fara musanya lasinku a Dubai sannan ku kawo na can, domin abin da ake dubawa shi ne ƙasar da mutum ya ci jarrabawa tun asali.

Abin da doka ta yarje wa mai lasin Najeriya shi ne ya tuƙa ƙaramar mota na wata 12 daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar, da sharaɗin lasin bai mutu ba. Saboda haka duk mai shirin tafiya ya sabunta nasa ta hannun FRSC kafin ya hau jirgi, tunda na shekara 3 ko 5 ake bayarwa, ya kuma tabbatar na gaske ne, ba wanda wani ɗan-na-kama ya buga masa a lungu ba. Takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa ba ta ƙara ko yini ɗaya a kan wannan wa'adi.

A nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci, kuma a nan nake roƙon ku natsu da kyau. Wata 12 yana da yawa a baki, amma ba a barin mutum ya zauna jarrabawa sai ya kwana 185 a ƙasar, wato rabin wa'adin ya tafi ke nan. Bayan haka sai an ci ta ƙa'idojin hanya kafin a nemi ranar ta tuƙi, layin samun ranar kuwa yakan kai watanni a garuruwa da yawa. Wanda ya bari sai wata na goma sannan ya motsa, to ya sani wa'adinsa zai cika lasin bai zo ba. Abin da ya dace shi ne mutum ya nemi lasin koyo da zarar ya sami adireshi, fam 34 ne ta intanet, ya duƙufa karatun littafin dokokin hanya a watannin jira, ta yadda kwana 185 na cika zai shiga ɗakin jarrabawa.

Jarrabawar farko a kwamfuta ake yin ta, kuɗinta fam 23. Tambayoyi 50 ne, ana son a ci 43, sannan a nuna gajerun bidiyo 14 na hanya, mutum ya riƙa danna maɓalli da zarar ya hango abin da zai iya zama haɗari, a nan kuma maki 44 ake nema cikin 75. Sakamakonta shekara 2 yake aiki. Ta tuƙi fam 62 ce a ranakun aiki, tana ɗaukar kimanin minti 40, ana fara ta da karanta lambar mota daga nisan mita 20. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure guda ɗaya ya isa ya kayar da mutum. Wanda ya yi jarrabawar da mota mai otomatik, lasinsa ba zai ba shi damar tuƙa mai giyar hannu ba.

Ban raina ƙwarewarku ba ko kaɗan. Direban da yake ratsa Oshodi da Gadar Third Mainland da safiyar Litinin tsakanin danfo da tirela, ya dawo gida ba ko kwarzane, ya san mota. Sai dai wasu ɗabi'un da suke fitar da mutum a Legas su ne suke kayar da shi a nan: cusa kan mota a ɗan gurbi, da yawan hon, da sauya layi ba a leƙa madubi ba. A nan hannun hagu ake bi, kamar yadda Najeriya take yi kafin ta koma dama a 1972, a shataletale kuma wanda ya fito daga damarka shi ke da hanya. An hana hon idan mota tana tsaye sai in akwai haɗari, an kuma hana shi cikin gari daga 11:30 na dare zuwa 7 na safe. Da mil ake auna gudu: galibi 30 cikin gari, 70 a babbar hanya. Shi ya sa nake ba ko da tsohon direba shawarar ya biya malamin tuƙi mai rajista na wasu sa'o'i, domin shi ya san abin da mai jarrabawa yake kallo, kuma babu ƙasƙanci a cikin haka.

Idan wa'adi ya cika babu lasin, mutum ya koma ɗan koyo: sai da alamar L a gaba da baya, da wani a gefensa mai shekara 21 ko fiye wanda ya riƙe cikakken lasin na shekara 3. Wanda ya ci gaba da tuƙi shi kaɗai ya karya doka, inshorarsa ma tana iya faɗuwa, hukuncin tuƙi ba inshora kuwa yana farawa ne daga tarar fam 300 da maki 6 na laifi a kan lasin, 'yan sanda kuma suna da ikon ƙwace motar. Masu zuwa suna raɗa cewa za su samo wanda zai zauna muku jarrabawa, ku guje su, domin ana ɗaure mutane a kan haka, baƙo kuma yana iya jefa takardun zamansa cikin matsala.

Saura maganar masu tahowa da niyyar sana'ar tuƙi, wadda ita ta fi damuna. Lasin Najeriya ba ya ba mazauni damar jan tirela ko bas ko a cikin watannin nan 12. Sai ya fara samun lasin ƙaramar mota na nan, sannan ya yi jarrabawar manyan motoci daban. Mai son yin tasi ko Uber a Landan kuma, hukumar sufurin birnin, TfL, tana buƙatar ya riƙe cikakken lasin Birtaniya ko na Turai na shekara 3 kafin ta ba shi izini. Don haka kada magidanci ya sayar da motar da yake ciyar da iyalinsa da ita a Agege bisa tunanin yana sauka zai fara ɗaukar fasinja. Ya tanadi wata sana'ar da zai riƙe a shekarun farko, ya kuma ware kuɗin koyo da na jarrabawa cikin guzurinsa.

Ina roƙon shugabannin tashoshi da na ƙungiyoyin direbobi su isar da wannan bayani ga yaransu masu shirin tafiya. A gaida iyali da abokan sana'a baki ɗaya, Allah Ya tsare hanya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Birtaniya.