Mako uku ina neman abin da ke kashe mini GTR 2 a Spa

Tun ina ɗalibi nake buga GTR 2, wasan tseren motoci na kwamfuta. Kamfanin SimBin na ƙasar Suwidin ne ya fitar da shi a 2006, ya kwaikwayi gasar FIA GT ta 2003 da 2004 da motocinta da filayenta: Ferrari 550 Maranello, Saleen S7-R, Lister Storm, su Monza da Donington da Spa. Ba irin wasan nan ba ne da za ka take totur har ƙasa kana dukan bango kana wucewa. Taya na ɗaukar zafi tana cinyewa, mai na raguwa, in ka makara wajen taka birki motar ta juya da kai. Shi ya sa da na sayi sabuwar kwamfuta mai Windows 11 da RAM gigabait 16, shi na fara sakawa.

Ko buɗewa bai yi ba. Wani ɗan akwati ya fito yana cewa ba a ga wani fayil mai farawa da d3dx9 ba. Wannan bai ba ni wuya ba. An gina wasan a kan DirectX 9, wato manhajar Microsoft da wasanni ke dogaro da ita wajen nuna hoto, sabuwar Windows kuwa da DirectX 12 take zuwa, ba ta ɗauke da duk tsofaffin fayilolin taimako na wancan zamani. Na sauko da kunshin DirectX na watan Yunin 2010 daga shafin Microsoft, na saka, magana ta ƙare. Kada dai mutum ya je ya tsinto fayil ɗin shi kaɗai a wani shafin da bai sani ba, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga.

Sai kuma baƙin allo: ana jin kiɗa, ba hoto. Ashe da na kwafo foldar wasan daga tsohuwar kwamfuta na haɗo har da Config.ini, wanda ke riƙe da bayanin tsohon katin hoto da girman tsohon allo. Na goge shi, na buɗe GTR2Config.exe, na zaɓi katin da nake da shi yanzu, hoto ya fito. Na kuma fitar da foldar daga Program Files na mayar da ita C:\Wasanni, domin tsofaffin wasanni a cikin foldarsu suke rubuta saitinsu, Windows ta yanzu kuwa tana tsaron wancan wuri.

Matsala ta uku ce ta hana ni barci. Tseren awa 24 na Spa, a ƙasar Beljiyam, shi ne abin da na fi so a wasan, ina gajarta lokacinsa yadda rana za ta faɗi, dare ya yi, gari ya waye cikin awa biyu. In na fita gwaji ni kaɗai, lafiya lau. In na cika fili da motoci, wani lokaci wasan ya mutu tun ana loda filin, wani lokaci sai na yi minti ashirin ina tuƙi. Sau ɗaya na gangaro daga kwanar La Source, na shiga kwanar Eau Rouge ina bin bayan wata mota Viper, duhu ya fara, fitilu sun kunnu, sai kawai ga ni ina kallon fuskar Windows, sitiyari ya saki a hannuna. Babu saƙo, babu gargaɗi.

A nan na ɓata lokaci, kuma hanyar da na bi ce ta jawo. A dare ɗaya na sabunta direban katin hoto (manhajar da ke sarrafa shi), na sa wasan ya gudana kamar a Windows XP, na ba shi izinin mai gudanarwa, na kashe rigakafin ƙwayar cuta, na cire sitiyari na mayar. Da ya yi tsere guda bai mutu ba na ɗauka an dace, alhali ko da gyaran ya yi aiki ba zan iya cewa wanne ne a cikin biyar ɗin ba. Washegari ya sake mutuwa.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ya zo hutu, ya tarar da ni a kai. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Kawu, duk abin da ka faɗa zato ne. Shi wasan me ya ce?" Muka mayar da komai yadda yake. Muka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakuran da suka faru, muka ga lambar kuskure 0xc0000005, wato manhajar ta taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwa da ba nata ba. Wannan bai isa hujja ba, abubuwa da yawa na kawo shi. Sai muka ƙara -trace=1000 a ƙarshen layin gajeriyar hanyar buɗe wasan, abin da ke sa shi rubuta duk abin da yake yi cikin trace.txt a foldar UserData\LOG. Layukan ƙarshe kullum a kan loda fentin motoci suke tsayawa, amma ba a kan mota ɗaya ba. Yau wannan, gobe waccan. Da fayil guda ne ya lalace, da a wuri ɗaya zai riƙa tsayawa.

Ya ce in bar Task Manager a buɗe a gefe, don mu ga yawan ƙwaƙwalwar (RAM) da wasan ke ci. Muka zuba wa lambar ido tana hawa: megabait 1,200, 1,500, ta haura 1,700, wasan ya mutu. Muka maimaita sau uku, kusan a nan yake faɗuwa.

Na ce, to ina amfanin gigabait 16 ɗin? Ya yi mini bayani, kuma shi ne abin da na fi ƙaruwa da shi. GTR 2 manhaja ce mai bit 32. Iyakar adireshin ƙwaƙwalwar da irinta ke iya ƙirgawa gigabait 4 ne, kuma Windows rabi take ba ta, gigabait 2, sai in an ɗaga wata alama a cikin fayil ɗin exe mai nuna tana iya ɗaukar fiye da haka. Ko RAM nawa ka zuba, ba ta ganinsa. Dalilin da ya sa take mutuwa kafin ta kai 2,000 cif kuwa, kamar motar haya ce da ta rage gurbi uku a warwatse, sai ga mai kaya yana neman kujeru uku a jere. Wuri akwai, amma ba a haɗe ba.

Wanda ya cika motar kuwa ni ne. Shekara da shekaru ina tara ƙarin motoci da fenti masu manyan hotuna da masoya wasan ke yi. A tsohuwar kwamfuta dole nake rage ingancin hoto da yawan motoci, don haka ban taɓa kaiwa bango ba. Da na samu mai ƙarfi na ɗaga komai zuwa ƙarshe, na je na same shi.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Muka ajiye kwafin GTR2.exe a gefe, muka bi ta kansa da 'yar manhajar nan 4GB Patch, wadda aikinta kawai ɗaga waccan alama. Daren nan na yi tseren Spa daga farko har ƙarshe. Wajen tsakiyar dare na wasan yaron ya leƙa ya ce, "Kawu, 2,300, kuma yana tafiya." Na ƙare na shida a Ferrari 550.

Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta ina cikin canza saiti, fayil ɗin PLR mai riƙe da bayanan direbana ya lalace, wasan ya ƙi wuce shafin farko. Wannan karon trace.txt na fara buɗewa, na ga inda ya tsaya, na cire fayil ɗin na ƙirƙiri sabon direba. Yanzu akwai kwafin foldar UserData a filashi, ina sabunta shi duk Juma'a.

Abu ɗaya ya rage ban shawo kansa ba: in wasan ya cika allo na danna Alt da Tab don duba wani abu, wani lokaci ba ya dawowa. Na koma buga shi a cikin taga mai girman allon, tun daga nan bai sake yi mini ba.