Abin da bangon Elmina ke koya wa mai nazari da mai gyara

Duk wanda ya fara karatun sansanonin da Turawa suka gina a gaɓar tekun Gana yakan ɗauka cewa abokin gaba daga teku kaɗai ake jiransa. Sansanin Elmina ne ke fara warware wa mutum wannan zato, kuma shi ne darasin da na fi daɗewa ina amfani da shi: kafin ka auna ɗaki ko ka ɗauki hoto, nemi gefen da maginin ya fi jin tsoro. Ginin yana zaune a ƙarshen wani tsirin dutse, teku a kudu, tafkin Benya a arewa, hanyar ƙasa guda ɗaya daga yamma. A wannan gefen na yamma aka sassaƙe gwalalo biyu a cikin dutse, aka ɗora gadar katako da ake ɗagewa. Can ne garin Edina yake a da, wato maƙwabtan da ake ciniki da su da rana, a ɗage musu gada da dare.

Turawan Fotugal sun iso wannan gaɓa a 1471, suka tarar da zinariya har suka raɗa wa wurin suna Mina, ma'ana mahaƙa. A watan Janairun 1482 Diogo de Azambuja ya sauka da mutum kusan 600, ɗari daga cikinsu magina da kafintoci. Sun zo da sassaƙaƙƙen dutsen ƙofofi da tagogi, da katako, da farar ƙasar gini, duk daga gida, domin a tashi bango kafin masu ƙasa su sake shawara. Sarkin da suka yi magana da shi sun rubuta sunansa Caramansa, wanda ake ganin Kwamena Ansa ne, kuma bai ba da wurin da daɗin rai ba. Rigima ta tashi tun ranar farko, da magina suka sa guduma a kan wani dutse da mutanen garin ke girmamawa.

Inda Fotugal suka yi sake shi ne tudun da ke ƙetaren tafkin, wanda ake kira Santiyago. A 1625 Turawan Holan sun zo da mayaƙa sama da dubu, mutanen Edina suka yi musu kwanton ɓauna suka kashe ɗaruruwa, alhali sojojin da ke cikin sansanin ba su kai 60 ba. Da Holan suka dawo a 1637 da rundunar da aka turo daga Barazil, ba su nufi ƙofa ba. Sun ja igwa suka hau tudun, suka riƙa aiko wuta daga sama, aka miƙa wuya a ƙarshen watan Agusta. Ganuwa kome kaurinta ba ta kare tsakar gida daga wanda ya fi ta tudu. Holan sun gane haka sarai, shi ya sa suka kafa ƙaramin sansani a kan tudun, da ƙasa tukuna, sannan da dutse a shekarun 1660, suka kira shi Coenraadsburg. Babu sito a cikinsa, aikinsa gadi kawai. Wanda ya yi nazarin babban ginin bai hau tudun nan ba, rabin littafi ya karanta.

Farin da ke jikin bangon yana sa a ga kamar hannu ɗaya ya gina shi, alhali ƙarni huɗu na ƙari da sauyi ne a ƙarƙashin fenti ɗaya. Inda yaɓe ya ɓamɓare nan ake karatu. Dutsen yashi mai duhun ja na wurin ne, daga ƙarƙashin ginin ma aka fasa wani. Siririn bulo ruwan ɗorawa na Holan ne, jiragen ruwa ke ɗauko shi don su yi nauyi a hanya, a sauke shi a loda kaya a madadinsa, kuma an fi sa shi a bakan ƙofa, kusurwa da rufin guga. Sai dai a yi hattara: magina ba sa zubar da kayan da suka rushe, don haka ganin bulon Holan a bango shaida ce cewa bangon bai riga zuwan bulon ba, amma ba ya faɗin shekarar da aka gina shi. Abin da ya fi ba da amsa shi ne mahaɗar bango biyu. Idan duwatsun sun sarƙe da juna, tare aka tashe su. Idan akwai miƙaƙƙen layi daga sama har ƙasa, ɗaya ya tarar da ɗaya.

Haka ma ɗakunan. Ƙananan ɗakunan ƙasa da ake nuna wa baƙi a matsayin kurkukun bayi, asalinsu sito ne. A zamanin Fotugal abin da ake nema zinariya ce, wadda fataken ƙabilar Akan da Wangarawa ke kawowa, irin wadda da ma take bi ta Begho zuwa Jenne da Tambutu. Abin da ake ajiyewa kuwa tufafin Maroko ne, da tasoshin tagulla, da mundaye. Har bayi Fotugal ke sayowa daga yankin Binin su sayar a nan a karɓi zinariya, wato akwai lokacin da Elmina ke shigo da mutane. Da gonakin rake na ƙetaren teku suka buɗe baki, kaya suka sauya, ɗakuna ba su sauya ba. Ɗakin da aka yi wa 'yar kafar iska ɗaya a sama don kada yadi ya yi fumfuna, shi aka cika da mutane na makonni, wani lokaci watanni, ana jiran jirgi. Cocin Fotugal da ke tsakar gida ma Holan sun mai da shi wurin ciniki. A bakin wannan tsakar gidan akwai ɗakuna biyu kafaɗa da kafaɗa da suka fi kowane bayani: na sojan Bature da ya yi laifi yana da taga da ƙofar da iska ke ratsawa, na bawan da ya yi tawaye ba shi da taga ko ɗaya, an sassaƙa ƙoƙon kai da ƙasusuwa a saman ƙofarsa. Ƙofar fita zuwa teku kuwa siririya ce, mutum ɗaya take ɗauka, don ƙidaya ta yi sauƙi. Daga nan kwalekwale ke kai mutane, saboda manyan jirage can nesa da igiyar ruwa suke tsayawa.

Duk tsarin rufin ginin a kan ruwan sha aka yi shi. Tafkin Benya na gishiri ne, tsirin kuma dutse ne, saboda haka ruwan sama ake tarawa daga shimfiɗaɗɗun rufi, ya bi magudana zuwa tankunan bulo a ƙarƙashin tsakar gida. Wannan ya shafi mai gyara kai tsaye. Rufin da aka karkata don ya kai ruwa wani wuri, ranar da hanyar ta toshe cikin bango zai kai shi. Mafi yawan tsagewa da ruɓewar da ake ɗora wa iskar teku, idan aka bi sawu, indararo ne ya toshe da ganye ko kashin tsuntsu. Gaɓar tana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Oktoba, don haka sau biyu a shekara ake share magudanai kafin ruwa ya sauka, a zuba bokiti a saman rufi a bi shi da ido har inda ya fita. Aikin yini ɗaya ne na mutum biyu, amma shi ake fara mantawa, domin ba a ƙaddamar da shi da biki.

Siminti shi ne ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Wanda ya ga an yi wa katangar tubali filastar siminti a Kano ko Zariya ya san ƙarshen labarin: waje ya yi sumul, ciki ya jiƙe, wata rana ɓawon ya faɗo da rabin bangon. A bakin teku abin ya fi muni saboda gishiri. Bangon Elmina da farar ƙasa aka ɗaure shi, wadda daga baya ake samu ta ƙona ɓawon kawa na tafki. Irin wannan kwaɓi yana barin danshi ya fita, gishirin da ke cikinsa ya taru a fatar waje, inda za a goge shi. Idan aka rufe da siminti, danshin ba ya samun mafita, sai ya ƙara hawa sama, gishirin ya daskare a cikin dutsen da bulon ya riƙa cin su ta ciki. Alamar ita ce layin siminti ya tsaya ƙyam, bulon da ke kewaye da shi ya lotsa ya zama gari. Ƙwanƙwasa filasta da ƙotar guduma: inda ta yi ƙarar ganga, ta rabu da bango.

Gyaran da ya dace ba shi da wuya, haƙuri yake ci. Ana cire simintin da kurfi da ƙaramar guduma, ba da injin yanka ba, domin injin yana cin gefen bulo. A ƙwaƙule tsakanin duwatsu zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin. Ƙonanniyar farar ƙasa a jiƙa ta a rami, ruwa ya rufe ta, ta kwana aƙalla wata uku har ta yi laushi kamar kindirmo. Wadda ba ta jiƙu sosai ba takan bar 'yan ƙwayoyi da ke fashewa daga baya su huhhuda filasta. Ma'aunin da aka saba shi ne ɗaya na farar ƙasa, biyu da rabi zuwa uku na yashi mai kaifi. Yashin bakin teku yana nan kyauta a ƙofar gida, kuma shi ne jarabar ɗan kwangila, amma sa shi daidai yake da zuba gishiri a bango da hannunka. Na rafi ake nema, a wanke shi. A jiƙa bangon kafin a yaɓa, a yi shafi da bai wuce kaurin santimita ɗaya ba, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafa ruwa na kwanaki. Farar ƙasa iska take sha a hankali kafin ta yi ƙarfi. Idan rana da iskar teku suka busar da ita a yini ɗaya, sai ta tsattsage ta zama gari. Shafen fari ma haka: tsinkakke kamar madara, sau uku ko huɗu, yini guda tsakani. Fentin roba ko na mai kuwa siminti ne da wani suna.

Ƙarfe yana da tasa matsalar. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki da yawa, don haka ƙugiyar ƙofa ko sandar taga da ke cikin dutse tana fasa shi kamar an buga tsinke. Inda aka ga tsaga ta taso daga gindin ƙarfe, ƙarfen za a cire ko a sauya da wanda ba ya tsatsa, cike tsagar kaɗai ɓata kaya ne. Igwar da aka bari kwance a ƙasa ta ƙasa take ruɓewa, a ɗaga ta a kan katako, bakin ya ɗan sunkuya don kada ruwa ya kwanta ciki. Kan katakon bene da ke cikin bango shi gara da danshi ke fara ci, a soka tsinken ƙarfe a gwada. 'Ya'yan cediya da tsuntsaye ke shukawa a tsaga kuwa tun suna da ganye biyu ake cire su.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne inda za a janye hannu. A sansanin Cape Coast, kilomita goma sha 'yan kai daga Elmina, an tarar cewa abin da ake takawa a kurkukun maza ba daɓen asali ba ne, wani daskararren kauri ne na ƙazantar mutanen da aka tsare, a saman bulo. Mai shara zai ce datti ne, alhali shi ne shaida. A gyaran shekarun 1990 an yi cacar baki, musamman daga baƙaƙen Amurka masu ziyara, cewa farin fenti da fitilu na mai da kurkuku wurin shaƙatawa. A ganina kowane ɓangare na da gaskiya a wurinsa: bangon waje yana buƙatar farar ƙasa domin ita ce rigarsa daga gishiri, cikin kurkuku kuwa tsayar da yoyo ya isa. Ginin yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1979, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Gana, kuma ƙa'idar aiki ita ce a zana, a ɗauki hoto, a rubuta kafin a taɓa.

Tarihin bai tsaya da hana cinikin bayi da Holan suka yi a 1814 ba. Daga 1831 zuwa 1872 sun kwashi mutum wajen 3,000 daga nan zuwa aikin soja a Jaba ta Indunusiya, da yawansu mutanen arewa ne da aka samo ta hannun sarkin Tonawa, wato Asante, na Kumasi. A 1872 Holan suka miƙa wa Ingila sansanin, kuma cikin masu gadin da Ingila ta kawo akwai 'yan sandan Hausa daga Ikko, rundunar da Glover, jami'in mulkin Ingila a Ikko, ya kafa, wadda da yawa cikinta harshen ne ya haɗa su ba asali ba. A nan aka tsare sarkin Tonawa Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a wuce da shi Saliyo, daga baya kuma ginin ya zama makarantar horar da 'yan sanda.

Filin da ke gaban gwalalon, wanda baƙo ke ratsawa bai kula ba, shi ne tsohon garin. Ranar 13 ga Yunin 1873 Ingila ta yi masa ruwan wuta saboda ya ƙi bin ta ya jingina da Tonawa, ba a kuma sake gina shi a wurin ba. Tonon da masu binciken ƙasa suka fara a 1985 ya fito da tushen gidajen dutse, tukwane, lofe da duwatsun ado, wasu kusa da fatar ƙasa. Saboda haka ko kwata za a haƙa a filin nan, ko ramin turken fitila, sai mai binciken ƙasa na tsaye a kai, kuma da cebur ake yi, ba da katafila ba.