Shirya magani a jaka kafin tashi zuwa Jidda ko Madina

Maganin da likita ya ɗora ka a kai, jakar hannu ce wurinsa. Akwatin da aka miƙa wajen awo yakan yi ɓatan kai, ko ya biyo wani jirgin bayan kwana biyu, kuma mai hawan jini ko farfaɗiya ba ya iya jiran kwana biyu babu magani. Ga matsalar sanyi kuma: cikin jirgi inda ake jibge kaya yakan yi sanyi sosai, insulin kuwa, allurar masu ciwon sukari, da zarar ta daskare ta lalace, ko da ta narke daga baya ta yi kamar lafiyarta ƙalau.

Kuskuren da ya fi yawa, musamman ga dattawa, shi ne a ɓare magunguna daga katinsu a zuba a leda ɗaya ko a kwalbar man shafawa, fari da ja da ruwan ɗorawa duk a haɗe, wai don kada su cinye wuri. Jami'in kwastam a Jidda ba shi da hanyar da zai gane farar ƙwayar nan amlodipine ce, maganin hawan jini, ba wata tsiya ba, sai ya kai ta gwaji, kai kuma kana tsare. A bar kowane magani a katinsa, cikin kwalinsa, da takardar da kamfani ya naɗe a ciki. In kwalin ya yi girma, a fitar da katunan, a shimfiɗe kwalin, a ɗaure su tare da roba.

Sai takardar likita. A nemi ta asibiti mai hatimi da sa hannu da kwanan wata na kusa, an rubuta ta da Turanci. Sunan da ke kai ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. In fasfo ya ce Muhammad Sani, kada takarda ta ce Mamman. A rubuta cutar, da ainihin sunan magani (metformin, ba sunan kamfani kaɗai ba, domin a kemis ɗin Makka wani sunan za ka tarar), da ƙarfinsa kamar 500mg, da sau nawa ake sha a rana. A ɗauki hotonta a waya, a ba abokin tafiya kwafi ɗaya. Yawan maganin kuma a lissafa kwanakin zama, a ƙara na mako guda ko biyu, don jirgin dawowar alhazai ba ya cika alkawari.

A wurin bincike, duk abu mai ruwa a jakar hannu ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba, a cikin leda mai haske ta lita ɗaya. Magani ya fita daga wannan ƙa'idar, amma sai ka nuna shi da kanka. Fito da sirof da insulin da allurai, ka ajiye su daban a faranti kafin jaka ta shiga na'ura, takarda tana hannunka. Allura da sirinji suna wucewa idan suna tare da maganin da ake yi da su.

Insulin da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8. Wadda aka fara amfani da ita, yawancinsu suna kai kwana 28 a wajen firji muddin zafi bai haura digiri 30 ba, abin da zafin Makka ke wucewa cikin sauƙi. A sa ta a ƙaramar jakar sanyi, a naɗe ta da ƙyalle don kada ta taɓa ƙanƙara kai tsaye. Mai amfani da allurar insulin mai kama da alƙalami ya fesar da maki 2 kafin ya yi allura bayan an sauka, saboda canjin iska a sama yana haifar da kumfa a ciki. Ya kuma riƙe dabino ko alewa a aljihu. Abincin jirgi ba ya zuwa a kan lokacin allura.

Inda ake shiga uku shi ne magungunan da hukuma ta sa wa ido: tramadol, codeine, diazepam da danginsu. Saudiyya ba ta wasa da su, hukuncin fataucin ƙwaya a can yana kaiwa ga kisa. Wanda da gaske likita ya ɗora shi a kai, ya sanar da likitocin hukumar alhazan jiharsa tun da wuri, a cika masa sharuɗɗan shiga da su, kuma kada ya ɗauki abin da ya wuce na wata ɗaya. Garin magani na gargajiya da aka ƙulle a leda babu suna, gara a bar shi a gida. Goro ma hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, ta sha gargaɗi a kansa.

Kada ka karɓi saƙon magani na kowa, ko na surukinka ne. Wajen awo kuma ka tsaya ka ƙirga lambobin kaya da aka liƙa maka a tikiti, su zo daidai da yawan akwatunanka. A Disamba 2018 aka kama wata ɗalibar jami'ar Kano a Madina saboda tramadol da aka samu a wata jaka mai sunanta, jakar da ba ta taɓa gani ba. Sai a ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, ta gano waɗanda suka liƙa sunan a filin jirgi.

Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Ga maganin da ake sha sau ɗaya a rana, wannan ba wani abu ba ne, washegari sai a koma agogon can. Mai insulin ko maganin farfaɗiya ne ya kamata ya zauna da likita kafin tafiya, a rubuta masa lokutan ranar tashi da ranar sauka a takarda.